Jiya Ta Tashi, Yau Ta Ƙi

A kusan kowace unguwa ta Dutsin-Ma, daga Hayin Gada har Kadangaru, akwai wata mota da maƙwabta suka san muryarta fiye da lambarta. Da sassafe kana karin kumallo za ka ji an buɗe ƙofa, an murza makulli, ka ji "ƙwas", sai tsit. A sake murzawa, tsit. Jim kaɗan muryar maigida ta biyo baya, yana kiran yaran da suka fito da jakunkunan makaranta: "Ku zo nan, 'yan albarka, ku ɗan taɓa mani ita." Yaran ma sun saba, kowa ya san inda yake dafawa. Kafin a kai bakin kwalbati ta kama, ta bar su da hayaƙi da sa albarka. Washegari da murzawa ɗaya za ta tashi. Ta yi kwanaki lafiya lau, har maigida ya fara cewa ta warke, rannan kuma ta sake ƙi.

Motar da ta mutu murus ba ta wahalar da mu haka. Ita an san matsayinta: a ɗaura mata igiya a ja ta gareji, ko a ajiye ta gindin bedi har Allah ya hore. Wadda take tashi yau ta ƙi gobe ita ce mai cin kuɗi da lokaci, don ba ta lalace yadda za mu haƙura da ita ba, ba ta kuma gyaru yadda za mu amince da ita ba. Sai mu koyi zama da ita. "Halinta ne," in ji mu, "ni na san kanta."

Mun kuwa ƙware. Allah ya ba garinmu tudu da gangara, muna cin moriyarsu. Mai irin wannan mota ba ya kashe ta sai ya dubi inda ƙasa ta karkata, ya juya hancinta ya fuskanci gangara, ya sa dutse gaban taya. In an je ɗaurin aure shi ne mai ajiye tasa can nesa da jama'a, kada wani ya tare masa gaba. In zai shiga kanti ko ya tsaya sallar La'asar a hanya, sai ya bar injin yana aiki, ya zaunar da yaro a ciki. Ƙarƙashin kujerar direba akwai sufana mai lamba 10 da guntun rodi, babban ɗansa kuma ya san daidai inda ake bugawa. Ranar Laraba a tasha, an cika Golf da mutane da buhuna har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, kowa ya biya kuɗinsa, sai direba ya waiwayo ya ce, "Samarin baya, don Allah a ɗan taimaka." Ba mai yin fushi. A sauka a tura, a bi ta da gudu a faɗa ciki, a ja ƙofa, a kama hanyar Kurfi ana dariya.

Wannan hali namu ina son sa ƙwarai. Wanda motarsa ta ƙi tashi a garin nan ba ya daɗewa shi kaɗai. Mai shayi zai bar tukunyarsa, ɗan acaɓa ya kafe babur, ɗalibin jami'a da bai san ka ba ya ajiye littafinsa a kan boneti ya sa hannu. Allah ya bar mu da wannan zumunci. Sai dai sauƙin samun masu turi ya sa muna jinkirin neman tushen ciwon, wata da watanni.

Ranar da abin ya ishe mu muka nufi gareji, kowa ya san yadda ake yi.

"Alhaji, mi ke damunta?"

"Ba ta tashi."

Bakanike ya shiga ya murza, ta tashi. Ya kashe ya sake, ta tashi. Ya kira yaronsa ya gwada, ta tashi.

"Alhaji, ai wannan lafiyarta lau."

"Wallahi da safe sai da aka tura ta."

"To da ta ƙi, ya ta yi? Injin ya juya ko bai juya ba?"

"Ƙi dai ta yi."

Duk maganar tana cikin amsar nan ta ƙarshe. Bakanike bai ga laifin ba, da wuya kuma ya gan shi, don irin wannan matsala ba ta bayyana sai lokacin da take faruwa. Mai mota kaɗai ne yake wurin. Shi ne shaida, kuma shaidar da ya tsaya gaban alƙali ya ce "an dai yi wani abu" bai taimaki mai ƙara ba, bai taimaki alƙali ba. Lokacin da motar ta ƙi, hankalinmu yana kan agogo da idon maƙwabta da neman masu turi. Ba mu saurara ba, ba mu duba ba. Ɗan lokacin nan da muka ƙi bayarwa da safe, shi muke biya da dubban nairori daga baya.

Da yamma sai a kai maganar majalisa, inda kowa likitan mota ne. Malamin makaranta ya ce batir ne, shi ma tasa haka ta yi. Tsohon direban da ya ja Peugeot 504 tun tana fitowa sabuwa daga kamfanin Kaduna ya ce kik ne, ko shakka babu. Wani ya ce man 'yan bumburutu ne. Wani dattijo ya rage murya ya ce, "Ka dai riƙa addu'a, bakin mutane ba kyau." Addu'a kam wajibi ce a kan duk abin hawa, ba mai jayayya. Amma kowanensu labarin motarsa yake ba ka, ba wanda ya tambaye ka yadda taka ta yi.

Mafi yawanmu batir muke fara saya. Abin da yake ruɗa mu shi ne, sai motar ta gyaru. Ta yi mako guda tana tashi garau, mu je majalisa mu gode wa malamin makaranta, sannan ta koma gidan jiya. Dalili kuwa a fili yake: wurin canjin batir an kwance kawunansa, an goge, an ɗaure da ƙarfi. Ɗaurin ne ya yi maganin, tsohon batir bai yi laifin komai ba. Da ramukan hanya suka sake girgiza kan da ya riga ya buɗe, sai ciwo ya dawo. An yi asarar kuɗin batir a kan abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Ƙin tashi iri biyu ne, kuma wanda ya iya raba su ya yi rabin aikin bakanike. Akwai wanda za ka murza makulli injin bai juya ba sam. Akwai wanda injin zai yi ta juyawa, "gir-gir-gir", amma bai kama ba. Na farko maganar wuta ce tsakanin batir da kik. Na biyu batir da kik sun sauke nauyinsu, sai a nemi laifi wajen mai ko tartsatsin fulogi. Wanda injinsa yake juyawa da ƙarfi ya je ya sayi batir, ya sayi abin da ba ya bukata.

In injin bai juya ba, kafin ka kira yara, kunna fitilar rufin mota ta ciki, ka zuba mata ido, ka murza makulli. Ta ciki na ce, don akwai motoci irin Golf da suke kashe manyan fitilunsu da kansu lokacin tayarwa, sai su yaudare ka. Idan fitilar ta dushe ko ta mutu gaba ɗaya, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kansa bai kama ba. Idan kuma tana nan da haskenta ba ta ko motsa ba, batir bai ma san an kira shi ba, sai a duba kik ɗin kansa, ko mazaunin makulli, ko rile. Kunne ma yana da aikinsa. Ƙara mai sauri a jere, "ƙat-ƙat-ƙat-ƙat", alamar ƙarancin wuta ce. "Ƙwas" guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru, yawanci kik ne. Shiru ɗungurungum kuwa, in motar otomatik ce, ka taka birki ka mai da giya kan N ka sake gwadawa. In ta tashi a nan, ƙaramin makunnin da ke jikin giya ne ya gaji, kuma ka samo amsar da kanka ba ka kashe ko kwabo ba.

Akwai wata hujja da muke yawan kafawa: "Ai ham yana yi, rediyo yana yi, batir lafiya lau." Ham da rediyo wuta kaɗan suke sha. Kik kuwa yana jan amfiya sama da 100 a lokaci guda. Kan batir da ya yi sako-sako, ko wanda farin gishirin nan ya cinye, zai bar wutar rediyo ta wuce, amma da an nemi ta kik sai ya gaza. Yau ya ɗan zauna daidai, mota ta tashi. Gobe an faɗa rami ya goce, ta ƙi. Kama shi da hannu ka murɗa: in ya juya, ka ga ɓarawonka. In ka murza makulli sau biyu ta ƙi, ka taɓa kawunan a hankali, wanda ya yi zafi shi ne mai laifi. Mu kuwa me muke yi? Mu samo ƙusa mu buga a tsakani, ko mu yanko gwangwanin madara mu cusa, ko mu ɗauki dutse mu daddaka. Ƙusar tana aiki na kwana biyu, amma tana ƙara buɗe kan, dukan kuma yana fasa gindin sandar batir, ruwan ya riƙa tsattsafowa yana ƙara gishirin. Sabon kai, da wanki da ruwan zafi, da ɗan shafin giris bayan an ɗaure, shi ke nan. In za a kwance, a fara da baƙar waya, ita kuma za a mayar a ƙarshe.

Baƙar wayar nan ita ce wadda ba mai tunawa da ita. Daga batir take zuwa jikin mota, wata kuma ta haɗa jikin mota da injin, ta nan wuta take komawa gida. Motocinmu ba yara ba ne. Golf 3 ɗin da ke ɗaukar mu zuwa Katsina da Kankiya an fara ƙera ta a 1991, Peugeot 406 kuma a 1995. Sun sha gishirin titunan Turai kafin su iso Kwatano, suka zo nan suka sha ƙura da rana. An sauke injin an mayar ba sau ɗaya ba, kuma duk saukewa akwai yiwuwar yaron gareji ya bar wayar nan a kwance ko ya ɗaure ta kan tsatsa. Mai irin wannan matsala zai canja batir, ya canja kik, ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a kawo masa wani kik ɗin, alhali kusoshi biyu ne suke neman a kankare a ɗaure.

Sai maganar bugun kik, wadda ta zama sana'ar 'ya'yanmu. Gaskiya ne yana aiki, kuma akwai dalili. Cikin kik akwai ƙananan buroshi na gawayi da suke goga suna ba shi wuta. In sun cinye, wani lokaci su taɓa, wani lokaci su tsaya ba su taɓa ba, bugun yana girgiza su su sake haɗuwa. Don haka in an buga ta tashi, an sami amsa, kuma amsa ce mai daɗi: a sauke kik, a sa sabon buroshi, a duba tagullar da ke cikin salanoyid. Aikin yini ɗaya ne. Amma mu sai mu mai da gwaji ya zama magani, a yi ta bugu har shekara. Kik ɗin motocin yanzu da yawa maganaɗisu ne a jikinsa, bugu mai ƙarfi yana tsaga shi, daga nan gyara ya wuce buroshi, sai sabo. Tarin makullan da muke ratayawa ma, na shago da na sito da na ɗakin Hajiya duk a zobe ɗaya, nauyinsu yana cinye mazaunin makulli a hankali. A raba su.

In kuma injin yana juyawa bai kama ba, to a daina murzawa haka nan. Daƙiƙa 10 ta isa, a huta, kada a ƙona kik a kashe batir a tara ciwo uku. A kashe rediyo, a ce wa yara su yi shiru, a murza makulli zuwa inda fitilun dasbod suke kamawa, a kasa kunne wajen kujerar baya. Famfon mai yana cikin tanki, kuma a yawancin motoci zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa 2 ko 3. Wanda ya saba jin wannan gurnani kullum, ranar da bai ji ba ya san inda zai nuna wa bakanike: ko famfon, ko rilensa, ko fiyus.

Famfon mai kuwa muna cutarsa, ba da son ranmu ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce an cire tallafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Wa yake cika tanki yanzu? Lita 3, lita 5, jar fitilar mai ta zama abokiyar tafiya. Shi kuwa famfon, man da yake nutse a ciki shi ne yake sanyaya shi. In kullum tanki a ƙasa yake, famfo yana aiki cikin zafi, yana kuma zuƙar dattin da ya kwanta a gindi, musamman in man daga jarka ya fito. Ba ya mutuwa rana ɗaya. Sai ya fara ƙi jefi-jefi, a bugi ƙasan tanki ya tashi. Na san halin da ake ciki, ba zan ce wa mai albashin ƙaramar hukuma ya cika tanki ba. Amma kuɗin da za a kashe a mako ɗaya ne, ko an zuba shi sau biyar ko sau ɗaya. Wanda ya daure sau ɗaya ya ɗaga man zuwa kwata, ya riƙa ƙarawa daga nan, bai ƙara kashe komai ba, ya kuma tsawaita ran famfonsa.

Akwai wadda ba ta ƙi sai ta yi zafi. Ma'aikatan Jami'ar Tarayya da na Kwalejin Isa Kaita masu zuwa daga Katsina sun san ta. An taso lafiya, an tsaya Kurfi a sayi wani abu, an kashe mota, an dawo ta yi ta juyawa ba ta kama ba. A zauna a inuwa rabin awa, a sake murzawa ta tashi. Sau da yawa wata 'yar sensa ce da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa injin yana juyawa. In ta tsufa, zafi yana ɗauke ta, sanyi ya dawo da ita. In ta ɗauke, ba tartsatsi, ba feshin mai. A wasu motoci za ka ga allurar da ke nuna gudun injin ta kwanta ba ta ko motsi lokacin da ake murzawa. Tsofaffin Honda na shekarun 1990 kuma suna da wani babban rile ƙarƙashin dasbod wanda dalmar cikinsa take tsagewa da tsufa. A bar motar cikin ranar Afrilu da gilasai a rufe, ta ƙi. A buɗe ƙofofi iska ta shiga, ta tashi. Mai wayarin da ya san aikinsa narkar da dalmar kawai zai sake yi.

Makulli ma yana da nasa. Motoci irin 406 da waɗanda suka biyo bayanta akwai wata 'yar ƙwayar lantarki cikin kan makullinsu, in mota ba ta gane shi ba, ba za ta saki mai ba. Makullin da ya sha faɗuwa, aka naɗe shi da salatif, yau a gane shi gobe a ƙi. In ka ga wata fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa a dasbod, gwada ɗaya makullin kafin ka taɓa komai.

Lokacin da ta ƙi shi ma magana ne. Wadda ba ta ƙi sai da asubar hunturu, a Disamba da Janairu, yawanci batir ne da zafin bazara ya riga ya ƙone ruwansa, sanyi ya zo ya tona asiri. Wadda take ƙi bayan ruwan Agusta ko bayan an wanke injin, a duba murfin distiributa da kwayil, laima ce ta shiga tsaga. Wadda take ƙi in ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, wani abu ne yake shan wuta a ɓoye, kuma sau da yawa cikin abin da muka ƙara mata ne: manyan lasifikoki, fitilun ado, wayar cajin da aka jona kai tsaye. Wanda yake ɗauko hatsi daga Karofi ko Birchi kuma ya tuna ɓera yana bin ƙwayar da ta zube, in ya shiga ba ya barin waya.

Bakanikanmu ina girmama su. Mutumin da zai gyara motar da ta girmi yaronsa, da kayan aikin da ba su cika akwati ɗaya ba, a ƙarƙashin rana, ya cancanci yabo. Amma akwai al'adu biyu da nake roƙon a bari. Na ɗaya, cire kan batir injin yana aiki don a ga ko altaneta tana caji. A zamanin 504 an yi haka an wuce lafiya. Motar da take da ƙwaƙwalwa kuwa, wutar da za ta yi tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona ta. Na biyu, haɗa kawunan batir da waya don a ga ƙarfin tartsatsi. Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, yana iya fashewa a fuskar mutum, ruwansa kuma yana makantarwa. Ƙaramar mita ta wadatar da duka biyun. Batir mai lafiya da ya huta zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. Lokacin da ake murzawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. In injin ya tashi, a ga wajen 14, shi ne altaneta tana aiki. Haka nan fiyus ɗin da ya ƙone, kada a naɗa masa waya. Ƙonewarsa gargaɗi ne, wayar da aka naɗa kuwa ba za ta ƙone ba sai dai motar ta ƙone.

Yanzu an sami samari masu na'urar kwamfuta, abin farin ciki ne. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da wata kafa mai ramuka 16 kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar ta karanto abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe. Matsalar sensa da ta makulli tana iya nunawa ko da motar ta riga ta tashi. Don haka kada a yi saurin cire batir kafin a karanta, a motoci da yawa cirewar tana goge bayanin. Sai dai na'urar ba ta ganin kan batir mai sako-sako, ba ta ganin buroshin da ya cinye. Waɗannan sai ido da hannu da labarin mai mota.

Laifi mafi girma a nan namu ne, masu motoci. Ba mu biyan kuɗin bincike. Bakanike ya yi awa 2 yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya gano kusa ɗaya ce ta kwance, ya ɗaure, ya faɗi kuɗinsa, sai mu ce, "Haba Oga, mi ka canza? Kusa ɗaya fa ka ɗaure." Wanda kuwa ya kalli mota daga nesa ya ce a sayo famfo, mu biya kuɗin famfo da na ɗaurawa ba musu. Da hannunmu muka koya masu cewa canje-canje ne yake kawo abinci, bincike ba ya kawowa. Wanda ya gano maka ciwo da kusa ɗaya ya fi cancantar kuɗi mai kauri, don ya tsare maka kuɗin batir da na kik da na famfo gaba ɗaya.

Da a ce abin ya tsaya kan makara wurin aiki da kunyar maƙwabta, da sai mu ci gaba da dariyarmu. Amma mun san hanyoyinmu. Mun san abin da ake nufi in an ce mota ta mutu da mutum bayan Magariba a hanyar 'Yantumaki, ko ta Safana, ko tsakanin Wurma da gari. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu ta Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka shafe watanni ba kira. Wanda motarsa ta ƙi a daji a lokacin ba shi da hanyar kiran bakanike ko ɗan'uwa. Can ba yaran makaranta, ba mai shayi. Ga kuma otomatik da ta yi yawa yanzu, wadda ko an sami masu turi ba ta tashi da turi.

Ko a cikin gari ma, motar mutum ɗaya ta unguwa ce duka. In naƙuda ta kama mace da ƙarfe 2 na dare, ko numfashin tsoho ya sarƙe, ƙofar mai mota ake bugawa: "Baba, a taimaka, asibiti za mu." Ba wanda yake ƙin fitowa, ban taɓa jin an ƙi ba. Amma fitowar ba ta da amfani in za a tsaya cikin duhu ana neman guntun rodi, mace tana murƙususu a kujerar baya.

Don haka ɗan'uwa, gobe in ta ƙi, kada ka fara da kiran yara. Ciro wayarka ka ɗauki sautin, ka ɗauki hoton dasbod da fitilunsa, ka lura ko injin da zafi ko da sanyi, ka dubi inda allurar mai take, sannan a tura. Ka kai wa mai gyara wannan, ka bar masa motar ta kwana in ya nema, ka biya shi kuɗin wahalarsa. Ku kuma shugabannin direbobi na tashoshin Dutsin-Ma da Kurfi, don girman Allah, motar da aka tura da safe kada a ba ta lodin yamma sai mai wayarin ya sa mata mita ya ce ta gyaru.